Tagar Da Ke Saman Gareji

"Ka kalle ni mana!"

Bai kalle ni ba. Ya ajiye ledar magunguna a kan kujera, yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Injiniya, da kai nake. Wata biyu da yi min aiki, ko sau ɗaya ba ka zauna a bakin gadon nan ba."

"Aiki ne ya yi yawa..."

"Aikin me? Ni ban ƙara jin ƙarar mota a ƙasa ba!"

Ya juya ya fita. Ina jin takunsa a matakala har ya ɓace.

Ɗaki biyu gare mu a saman garejinsa, bakin babban titi. Makanike ne mijina, ni na laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi. Shekara goma sha ɗaya, kullum da safe yana tada motocin da ya gyara a ƙarƙashin tagarmu, ya taka totur sau uku. Gaisuwarmu ke nan. Sai in leƙo, hayaƙi na dukan fuskata, in ce, "Wannan injin tari yake, sake duba shi!" Farin labule nake sawa, mako biyu ya koma ruwan toka, ban taɓa damuwa ba.

Sai ga ƙullutu a nonona na hagu. Ranar da likita ta ce kansar mama ce, shi ya fara magana.

"Likita, me ya jawo mata?"

"Ba wanda zai ce maka ga abu ɗaya," ta ce. "Amma bincike yana nuna shaƙar hayaƙin motoci shekara da shekaru na iya ƙara haɗarin. A ina kuke zaune?"

Ni na ba ta amsa. Ban sake tuna zancen ba, hankalina yana kan wuƙar da za a sa min.

Da na dawo daga asibiti, an cire nonon, sai na tarar an kafe tagar da ƙusoshi. Gaisuwar safe ta mutu. Ya koma kwana a falo. Abinci, magani, wanki, ba abin da ya gaza, sai kallo. Ni kuwa ba yarinya ba ce, ina da madubi. Na san abin da ya rage a ƙirjina, na yanke wa kaina hukunci: ƙyamata yake. Wallahi kaɗaicin ɗakin nan ya fi ɗinkin ciwo.

Na kira Yayata ina kuka.

"Ki haɗa kayanki," ta ce. "Gobe ƙarfe takwas ina nan. Ba za ki ƙare a wurin wanda ba ya son ganinki ba!"

Da safe na rufe akwati. Sai zuciya ta ce in leƙa tagar nan sau ɗaya kafin in tafi. Na ɗauko filaya, da hannun dama kaɗai na yi ta fama har ƙusoshin suka fita.

Ga shi can. Shi kaɗai, kafaɗa a jikin ƙofar wata mota, hannu ɗaya a sitiyari, yana tura ta a kashe. Sai da ya kai ta ƙarshen layi, nesa da gidan, sannan ya shiga ya tada ta. Ya dawo a ƙafa, riga sharkaf da gumi, ya kama ta biyu.

Na sauko ina dafa bango. A matakala muka haɗu.

"Wa ya ce ki sauko? Wa ya buɗe tagar?!"

"Tun yaushe kake tura motoci?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe, Injiniya?"

"Tun ranar da likita ta yi magana." Ya share gumi. "Shekara goma sha ɗaya ina hura miki hayaƙi a fuska, kina dariya, ni ina jin daɗi... Ni na yi miki wannan. Da wane ido zan kalle ki?"

"Likita ba ta ce kai ne ba!"

"Ba ta ce ba ni ba ne."

"To titin nan fa? Motocin duniya duk naka ne?" Hawaye suka ƙwace min. "Ni na ɗauka ƙyamata kake. Akwatina na sama a rufe, Yaya na hanya."

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa jajir.

"Ƙyama? Ke? Haba, masoyiyata..."

Na kamo hannunsa, yana ja da baya wai akwai baƙin mai. Na ɗora shi a gefen hagu, inda babu komai sai tabo, na danne.

"Hayaƙin na yafe, ko shi ne ko ba shi ba. Shirun ne ya kusa kashe ni."

Ya kifa goshi a kafaɗata yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na samo wani gida," ya ce, "can ciki, nesa da titi. Tsoro nake ki ce ke kaɗai za ki koma."

Hon ya katse mu. Motar Yaya ce a ƙofar gareji, injin na ruri. Ya sake ni ya fita a guje.

"Yaya! Don Allah kashe injin, tana nan ƙasa!"

Yaya ta kashe, ta fito da faɗanta a baki. Sai ta ga shatin yatsu biyar na baƙin mai a kan farar rigata, daidai ƙirji. Ta dube ni, ta dube shi.

"Ina akwatin?" ta ce a hankali.

"Yana sama, Yaya. Bar shi a rufe, ni da Injiniya tare za mu tashi daga gidan nan."