Notin Birkin Fijon Malam Wakili

Ƙarfe tara na safe aka buga wa Sufeto Zulkiflu waya cewa wata mota ta afka cikin tafki a mashigin jirage na Wara. Kafin ya isa, masunta sun jawo ta da igiyoyi, sun kuma fito da gawar direban, Lukman.

Tsohuwar Fijo ce mai buɗaɗɗen baya, ta Malam Wakili dillalin kifi, surukin mamacin. Jama'a sun yi cirko-cirko, wasu sun riga sun shaƙe wuyan rigar Tamada bakanike.

"Shi ya kashe shi! Shi ya taɓa birkin!"

Sufeto ya sa kofur ya janye Tamada gefe. Ya shiga motar, ya taka birki. Ƙafarsa ta yi ta tafiya, sai da ta kusa ƙasa sannan birkin ya ɗan kama. Ya buɗe gaba, ya tarar da man birki cike. Ya bi bututai da yatsa har ƙafafu huɗu, babu inda ke yoyo.

A ofis Tamada ya kasa zama.

"Me ka yi wa motar?"

"Ranka shi daɗe, inji na sa mata babba, na canza birkin gaba zuwa na faifai, na sa sabon masta, wato famfon da ke tura man birki. Shekaranjiya na fitar da iska daga bututan birkin, na gwada ta a gangaren Ngaski. Taɓawa kaɗan take tsayawa."

"To me zai sa birki ya yi zurfi, ga mai cike, babu yoyo?"

Tamada ya share zufa. "Sai in an rage sandar da ke tura masta. Akwai noti ƙarƙashin sitiyari. Ni in na ɗaure noti jan fenti nake ɗiga mishi."

Sufeto bai jira direba ba, ya hau babur ya koma bakin ruwa. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyarin, ya haska. Fentin ya tsage. An ja notin baya, gefensa duk shatar haƙoran filaya. Wanda ke da sifana ba zai yi wa noti wannan cizon ba.

Ya sami Malam Wakili a ƙofar gida, ana zaman makoki.

"Malam, yaushe rabonka da motar nan?"

"Wata guda ke nan. Idanu sun yi rauni, na bar wa Lukman." Carbi na ta gudu a hannunsa. "Bakaniken nan dai ku riƙe shi da kyau."

"Babu wanda ya tuƙa ta jiya?"

"Babu."

Sufeto ya nemi izinin yi wa matar mamacin gaisuwa. Yasira ta fito zaure, idanunta sun kumbura.

"Mijinki ya yi ƙorafin birki?"

"A'a. Baba ne dai jiya da ya dawo daga Birnin Yauri yake faɗa, wai ƙafafun gaba sun yi zafi har suna wari. Ya ce in miƙo mishi filayar da muke gyaran risho."

"Baba ne ya tuƙa?"

"Shi ne. Lukman na wurin sayen kifi." Sai ta tsaya, ta dubi Sufeto, ta dafa bango.

Sufeto ya aika ta ɗauko filayar. Tsakanin haƙoranta akwai ɓurɓushin jan fenti. Ya fita, ya kira Malam Wakili gefe, ya ajiye ta a tafin hannunsa.

Tsohon ya dubi jan fentin da ke haƙoranta.

"Shekara talatin ina tuƙa motar ga," ya ce. "Bakaniken nan ya sa mata birkin da ban sani ba, tana riƙewa a hanya. Na ce ba zan koma in roƙe shi ba, ni ma na san mota. Na sassauta notin kaɗan. Na gwada a tsakar gida, ta tsaya."

"Babu kaya, babu gangare."

"Babu."

"Ka gaya wa Lukman?"

"Na ce sai da safe. Ina dawowa daga masallaci na tarar ya loda kwanduna ya tafi."

"Kuma ka bari jama'a su kusa halaka Tamada."

Malam Wakili ya sunkuyar da kai. "Da wane baki zan gaya wa ɗiyata?"

"Ta riga ta sani."

Sufeto ya buga waya ofis ya ce a saki bakanike, a turo mota. Bai sa wa tsohon ankwa ba, hannunsa kawai ya riƙe suka ratsa 'yan makoki, kowa na janye ƙafa daga tabarma.

A bakin zaure Malam Wakili ya waiwaya.

"Yasira."

Tana tsaye, ta ji shi sarai. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta koma ciki.