Wa Ya Ɗauke Shankar Kaka Kusum?

Sufeto Tapan Ghorai ya kai kofin shayi baki ke nan wayarsa ta yi ƙara. Yana ganin sunan mai kiran ya miƙe tsaye, alhali ba kowa a ofishin sai Saje Mondal.

"Ma, ina kwana?"

"Jamai, an sace shankar Kaka Kusum. Ka taho yanzu. Ka dai karya ko?"

Surukarsa ce, Renuka Bera, shugabar Ƙungiyar Jikokin 'Yan Gwagwarmaya ta garin Shalukpur, wadda ba ta kiransa sai Jamai, wato mijin 'ya. Saje ya ɓoye murmushinsa ya ɗauko makullin mota.

Ba gidan da babu shanka a Shalukpur, wato katantanwar tekun da mata ke busawa kowace magariba. Amma ta Kaka Kusum daban ce. Ita ta busa a shekarar 1942, ranar da 'yan sandan Turawa suka zo kama samarin gari, har samarin suka samu suka tsere. Wani ɗan sanda ya kai mata kulki, shankar ta tsage. Tun daga ranar kukanta ya koma na ɗan maraƙi mai mura.

Gobe ne bikin shekara. Renuka, jikar Kusum, za ta busa shankar, sannan likitoci su fara aikin ido kyauta, a sauke tukwanen dafa-duka a ciyar da gari.

A bakin zauren ƙungiya Sufeto ya tarar da sakatare, Pulin Samanta, da lema a hammata, yana yi wa 'yan kwamiti jawabi.

"Makullin akwatin ɗaya ne, ga shi can ɗaure a bakin sarin da Didi Renuka ta yafa. Ni ban ce komai ba. Amma dillalan kayan tarihi daga Kolkata ba sa zuwa garin nan don shan iska. In ba ta fito ba kafin gobe, sai kwamiti ya zauna. Wadda ta kasa riƙe katantanwa, ina za ta riƙe ƙungiya?"

Renuka na tsaye a gefe, dogare da sandarta. Shekara tamanin tana rainon sunan nan, yau ana neman a kira ta ɓarauniyar gadon kakarta.

Ya tuɓe takalmi ya shiga. Akwatin gilashin a kulle yake, ba a fasa ba. Har jan ƙyallen da ake ɗora shankar a kai ya tafi. A ƙasa kuwa zanen ƙullun shinkafar da aka yi jiya yana nan tsaf, sai a gefe guda da dunduniya ta goge shi.

"Ɓarawon kirki ne, yallaɓai," in ji Saje. "Ya ɗauka, ya naɗe ta a ƙyalle, ya sake kullewa."

"Ɗan gida ne. Baƙo ba zai ji kunyar cusa ta a buhu ba."

Ya janye surukarsa gefe. "Ma, makullin nan ya taɓa barin jikinki?"

"Ko a mafarki."

"Jiya da kika durƙusa kina zane fa? Tarin makullai a bakin sari, bai faɗa cikin ƙullun ba?"

Ta harare shi. "Na rataye shi a ƙusa. Ɗan lokaci kaɗan, da na fita yi wa masu kafa rumfa faɗa."

"Faɗanki na ɗan lokaci kaɗan, Ma?"

"Jamai, kifin da na soya maka yana jira a gida. Kada ka sa in ba kyanwa."

A bayan zaure suka sami Nitai mai dafuwa yana wanke tukwane.

"Ka shiga zaure jiya?"

"Ni da zaure? Aikina murhu."

"Ɗaga ƙafarka."

Akwai busasshen farin ƙullu a tsagar dunduniyarsa. Nitai ya dube shi kamar ƙafar wani ce aka ara masa.

"Alawar madarar da aka ajiye wa baƙi ce kawai, yallaɓai Sufeto. Ɗanɗanawa na shiga yi, kada a ba manya abin da ya lalace."

"Me ka gani?"

"Akwati da shankarsa, na rantse da ludayina. Ina fitowa ta baya na ji wani ya shigo ta gaba, ya ja kujera zuwa bayan ƙofa. Ban tsaya gaisuwa ba, bakina a cike yake."

Sufeto ya koma ciki ya ja ƙofar. Hotunan 'yan gwagwarmaya sun jeru a bango, duk ba fure, don sai gobe da safe ake rataya musu. Guda ɗaya ne kawai, wanda ke bayan ƙofa kusa da mitar wuta, yake sanye da sabuwar sarƙar fure.

"Wannan wane ne?"

"Kakan sakatare," in ji Saje. "Duk shekara sai ya yi rigima a matso da shi gaba."

Pulin bai ko girgiza ba da aka tambaye shi.

"Jiya yini na yi a asibiti wajen likitoci. Fure kuwa, kowa na iya girmama jarumi. Yallaɓai Sufeto, na san aiki da wuya in suruka ce ake tuhuma. Ko in taimaka maka da sunan wani sufeton?"

Sufeto ya yi masa godiya. Fure ba hujja ba ce, kuma ba alƙalin da zai ba da izinin binciken gida saboda fure. Yana shirin tafiya ya ga Renuka na karanta wa likita sunayen marasa lafiyar gobe, ya ji an ambaci tsohuwa Samanta.

"Mahaifiyar Pulin?"

"Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun," in ji Renuka. "Ba ta bambance ɗanta da turmi. Amma ibada, ba ta taɓa fashin busan magariba ba."

Sufeto ya haɗa lissafi. Mutumin da ya naɗe shanka a ƙyalle, ya kasa wuce kakansa bai rataya masa fure ba, ba zai jefa ta ƙarƙashin gado ba. Wuri ɗaya ne ya dace da ita a gidansa, kuma can ne ba mai mamakin ganin shanka.

"Ma, jiya ƙarfe nawa Pulin ya bar nan?"

"Ai bai tafi ba sai da aka kunna fitilu. Asibitin me? Yana nan yana ƙirga kujeru."

"To jiya tsohuwar ta riga ta busa kafin ya kai ta gida. Yau ki zo ki raka ni shan iska."

Da rana ta yi ja suka tsaya a bakin tafki, daura da gidan Samanta. Saje ya riƙe Pulin da hira a kan tarihin kakansa, hirar da Pulin bai taɓa iya yankewa ba. Shankoki suka fara tashi gida-gida, da zaƙin murya.

Sai ga ɗan maraƙi mai mura ya yi kuka daga cikin gidan Samanta. Ya sake. Ya kuma.

Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Lemar Pulin ta faɗi.

A ɗakin ibada suka tarar da tsohuwar tana wanke shankar da ruwa, kamar yadda ake yi bayan an busa.

"Pulin, kai ne? Shankata ta kamu da mura. Ko ni ce numfashi ya ƙare?"

"Numfashinki lafiya lau, Inna," in ji Sufeto. "Tun daga tafki muka ji."

Pulin ya zauna a dokin ƙofa. "Bayan shankar Inna na ajiye ta. Ban zaci za ta lalubo wannan ba." Ya ɗaga kai ya dubi Renuka. "Ba sayarwa zan yi ba, Didi. In an sauke ki na hau, sai in ce na gano ta. Kakana ya sha ɗauri a hannun Turawa, amma kullum ƙofa ke bugun fuskarsa. Mai karanta mita kaɗai ke gaishe shi."

"Don haka ka ce na sayar da kakata," in ji Renuka.



Ta karɓi shankar da hannu biyu.

"Gobe za a ciro hoton daga bayan ƙofa," in ji ta. "Kakan ba shi ya yi sata ba. Ke kuma, Yaya, ke ce ta farko a layin likita. Ya kamata ki ga ɗan da kika haifa."

Saje ya tsince lemar, ya kama Pulin a gwiwar hannu suka nufi mota. Sufeto ya bi bayansu, sai muryar surukarsa ta tsayar da shi.

"Jamai, kifin nan. Ka biya ka ɗauka."

"To, Ma. Na gode."

"Ba naka ba ne. Ka kai wa Pulin. Kafin ka kulle mutum, ka tambaye shi ko ya ci abinci."