Kwana Tara Ba Waƙa

Hajiya Sailuba na tankaɗe a tsakar gida, amma kunnenta na ɗakin 'yan haya. Kwana tara ke nan ba ta ji Rahila ta yi waƙar cocinsu da safe ba.

Rahila da mijinta Ishaya su kaɗai ne Kiristoci a wannan lungu na Ƙofar Galadima. Daga Wusasa suka taso don ta yi kusa da asibitin da take aikin nas. Wata bakwai da bikinsu mota ta kaɗe Ishaya a kan babur, ƙafafunsa suka daina motsi. Shekara biyu ke nan ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka.

Hajiya ta kasa haƙuri. Da Rahila ta fito shanya, sai ta yafuto ta.

"'Yar nan, ni ban san kan addininku ba, shi ya sa nake tambaya. Akwai watan da kuke daina waƙa ne?"

Rahila ta yi murmushin yaƙe. "Babu, Hajiya. Gajiya ce."

"Ta jiki?"

"Har da ta zuciya. Mama ta zo ta ce in tattara in koma gida, dangin Ishaya su ɗauke shi, wai ƙuruciyata na ƙarewa a wankin zanen gado. Har da kukanta. Ni kuma in na durƙusa addu'a sai in rasa abin faɗa. Na roƙi Yesu har na ƙosa da jin muryata."

Hajiya ta ajiye rariya. "An ce ku da bakinku kuke magana ranar ɗaurin aure. Me kika ce?"

"Na ce ina tare da shi, da lafiya da rashinta."

"A gaban wa?"

"A gaban Allah."

"To Shi ɗin, Ya ce sai da doguwar addu'a zai saurare ki? Tambaya nake, ban sani ba."

Rahila ta koma ɗaki ta tarar Ishaya ya juya fuska bango. Duk ya ji.

"Rahila, ki bi Mama," ya ce. "Ban riƙe ki ba."

"Plis ka bari. Kai ma korata za ka yi?"

Ta durƙusa gefen katifa, ta kama hannunsa, hawaye na zuba. "Ubangiji, na gaji. Ka riƙe mu." Iyakar addu'ar ke nan, kuma ita ta yi ta maimaitawa wata da watanni.

Ta kira Mama a waya. "Ba zan dawo ba. In tausayina kike ji, ki zo ki kama mini." Mama ta kashe wayar.

Bayan sati uku sai ga ta da ƙullin kaya. Ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba, ta ja bokiti ta hau wanki. Tun daga ranar duk Asabar tana nan, Rahila kuma ta samu barci.

Ishaya bai warke sarai ba. Amma bayan shekara guda ana kai shi gashin ƙashi a asibiti, ranar bikin Ista ya shiga coci da ƙafarsa, sanda a hannu ɗaya, surukarsa na tallafe da ɗayan.

Mai bangaskiya ma yana gajiya. Abin da ake nema gare shi kada ya saki, ko da kalma biyu ce ta rage a bakinsa.