Jinin da Aka Roƙo a Sabon Gari

Wayyo duniya! Rana ta take tsaka, Huseina na durƙushe a bakin rariya tana wanke rigar matashin kan mijinta karo na uku tun safe, kumfa ta koma ja, hawayenta na ɗiga a cikin ruwan... Malam Abdulmuminu, malamin firamare a Fagge, wanda bara da aka raba kuɗin Udoji na ƙarin albashi ya shigo layi a kan sabon babur yana dariya, yau ga shi kwance, haɓo ba ya tsayawa, jiki duk tabo kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa. Likitan babban asibiti ya ce cutar daji ce ta jini. Sai dai a riƙa ƙara masa jini, a kuma riƙa kwantar masa da hankali, domin fargaba da kaɗaici suna cin mai ita kamar yadda ciwon yake ci.

Huseina marainiya ce, gwaggonta ce ta raine ta a Kwaciri, ba ta da kowa a duniya sai wannan bawan Allah. Shi ma haka yake ji da ita. Da ta yunƙura za ta fita sai ya kama gefen zaninta.

"Kada ki tashi, Huseina... In kin fita sai in ji ɗakin nan ya zama kabari."

"Ina nan, Malam. Ina za ni in bar ka?"

To, da likita ya nemi dangi su ba da jini, aka tura Maje, ƙanin Malam, ƙaton gaske mai shagon atamfa a kasuwar Kwari. Gogan naka yana ganin allura da kwalba ya sulale ta ƙofar baya! Ya biya kemis ya sayi filasta, ya manna a hannu, ya shigo gida yana rangaji, wai sun kwashe masa kwalba guda. Inna, mahaifiyarsu, ta fashe da kuka tana sa masa albarka, ta dinga soya masa hanta da ƙwai. Duk ranar ƙarin jini sai a ga sabuwar filasta, kumatu kuwa har sheƙi suke yi.

Sista Biriskila, wata nas 'yar Wusasa da ke zaune a Sabon Gari, ita ta ja Huseina gefe tun ranar farko ta ce babu wanda ya ba da ko ɗigo. Nan take Huseina ta miƙa hannunta aka ɗiba. Sista ta ce, "Ƙanwata, jikinki ba zai sake bayarwa ba sai bayan wata uku, shi kuwa ba zai jira ba. Zo mu je unguwarmu mu roƙa." Allah sarki! Macen da ba ta taɓa taka kasuwa ba, sai ga ta da sunan karɓo magani tana bin rumfuna, tana durƙusa wa mutanen da ba ta sani ba. Wasu su kore ta, wasu su ce mai ba da jini ba ya daɗewa. Amma Chinyere mai garin kwaki ta bayar, Nehemiya leburan reluwe ya bayar, Gana direba ma ya bayar.

Ranan sai Maje ya hango ta a Bata, bakin Sabon Gari, durƙushe gaban Nehemiya tana yi masa godiya. Ya san asirinsa na dab da tonuwa, sai ya riga ta isa gida.

"Inna, ina zubar da jinina saboda Yaya, matarsa tana can Sabon Gari tana bin maza! Da idona na gan ta!"

"Inna, wallahi jini nake roƙo... Ki dubi hannuna..."

"Rufe min baki!" in ji Inna. "Ga mai ba da jini nan na gani da filasta. Tattara ki bar min gida!"

Huseina ta rarrafa bakin ƙofar ɗaki tana kiran Malam. Ya ji komai. Bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba, ya dai juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na rawa. Wannan shirun ya fi zagin Inna ƙona mata rai. Ta fita da ɗan ƙullin kayanta tana cewa, "Allah, Kai ne shaidata... Allah, kada Ka kama shi da laifin da ba nasa ba."

Kwana tara tana Kwaciri, ba ci ba sha sai kuka da salla. Can Fagge kuwa Malam ya daina magana, ya ƙi kunu, ya ƙi magani. Dangi su leƙo daga bakin ƙofa su ce sannu su gudu, wai kada su ɗauka. A rana ta goma ya suma, aka kwashe shi sai asibiti. Sista Biriskila ta duba ta ce, "Ina Huseina?" Inna ta taɓe baki ta zayyana mata komai, ta tura Maje gaba, ta ce ga mai bayarwa nan, a ɗiba.

Sista ta kama hannun Maje ta fizge filastar. Fata sumul, ko cizon sauro babu!

"Mama, wannan ko sau ɗaya bai taɓa kwanciya a gadon ɗibar jini ba. Kwalbar farko ta surukarki ce. Sauran kuwa da gwiwoyinta ta roƙo su."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Maje! Hantar da na soya maka ashe ta marainiyar Allah ce? Fita, kada in sake ganin ka a ƙofata!"

Da kanta, tsohuwa da ita, ta hau tasi zuwa Kwaciri, ta zube gaban Huseina tana kuka. Huseina ta ɗago ta ta ce, "Haba Inna, uwa ba ta durƙusa wa 'ya. Yaya jikin Malam?" Kafin la'asar sun iso asibiti, ga Nehemiya ya kawo abokan aikinsa biyu sun naɗe hannun riga. Malam ya buɗe ido ya gan ta, hawaye suka gangaro masa har cikin kunne.

"Na juya miki baya, Huseina... jininki na yawo a jikina, na juya miki baya. Ki yafe ni."

"Na yafe tun kafin in kai zaure. Sha kunun nan."

Ya sha, har ya nemi ƙari.

Maje kuwa labari ya riga shi isa Kwari. Duk inda ya gifta sai a ce ga Maje Filasta, masu ciniki suka ƙaurace masa, gidan da yake neman aure suka mayar masa da kayansa, ƙarshe ya bar garin ba sallama. Inna ta koma soya hanta, ta ajiye gaban Huseina ta tsare ta sai ta cinye.

Wata biyar Allah Ya ƙara wa Malam, ciwo na nan amma tsoron ya tafi. Wata Juma'a da hantsi, kansa a kan cinyarta, ya laluba ya kama gefen zaninta.

"Kada ki tashi..."

"Ina nan, Malam."

Tana nan ya yi kalmar shahada, tana nan hannunsa ya saki zanin. Inna ta shigo ta taɓa kafaɗarta, Huseina ta girgiza kai tana hawaye ta ce, "Bar ni tukuna, Inna... na yi masa alkawari."