Minsharin Aaron

"Kwanta, Alhaji! Kwanta!"

Da rana tsaka, a hanyar Bahuli, su uku suka tare wani dillalin shanu. Dennis, ogansu, ya fizge jakar kuɗinsa. Sai ga 'yan banga — tau! Harsashi ya sami Aaron a cinya. Wansa Philemon ya cicciɓe shi ya jefa bayan mota.

Aaron sai kururuwa yake kamar akuyar da ta ga wuƙa.

"Rufe masa baki," in ji Dennis. "Akwai shingen 'yan sanda a gaba."

Philemon ya ba shi tiramol. Ihu bai tsaya ba. Dennis ya miƙo kwalbar kodin.

"Oga, na riga na ba shi ƙwaya fa."

"Maganin tari ne, dalla. Ɗura masa."

Da suka tsaya bakin mayo, wato rafi, Philemon ya sauka ɗebo ruwan wanke jini. Dennis ya cusa wa Aaron ƙwayar baliyam, ya kora masa da giyar leda, bai gaya wa kowa ba. Tir da wannan ƙazamin mutum. Kowanne a cikin kayan mayen nan danne numfashi yake, balle an tara su a ciki ɗaya. Amma ina ruwan Dennis, shi dai a yi shiru.

A shinge suka rufe cinyar da buhu. Ɗan sanda ya leƙo.

"Wannan fa?"

"Ƙanena ne, ofisa. Ya sha ya yi tatul."

Aaron ya ja minshari, ya ɗauke, can ya sake ja. Ɗan sandan ya yi tsaki ya ɗaga musu hannu. Har dariya sakarkarun suka yi, alhali shaƙewa Aaron yake.

A maɓoyarsu ta Lamorde, Philemon ya jijjiga shi. Amai cike da baki, leɓe ya yi baƙi.

"Oga, asibiti."

"Kar a ga motar nan. Bari in samo keke napep," in ji Dennis, ya saɓa jaka. Ko ƙeyarsa ba a sake gani ba.

Philemon ya goya ƙanensa har asibiti, ya kuma san 'yan sanda za a kira masa. Nas ta taɓa wuyan Aaron, ta duba cinyar, ta dubi Philemon a yatsine.

"Wannan ciwon ai ɗinki kawai yake so. Me kuka ba shi?"

Ya faɗi biyun da ya sani. Ta ja zane ta rufe fuskar.

Ana sa masa ankwa, sajan ya ce, "Wa ya harbe shi?"

"Bar maganar harbi, ofisa," in ji Philemon. "Ni na tallafe masa kai ya sha."