Turancin Alu

Ranar da Alu ya fara ganin Fareeda, a makare ya shigo ajin, rigarsa na warin albasar kasuwar Mile 12. Wani ɗaki ne a bayan masallacin layinsu a Agege, inda take koya wa manya Turanci bayan la'asar. Ta juyo daga allo ta dube shi.

"Malam, ya sunanka?"

"Alu. Daga Gwadabawa."

"To Alu, me ya kawo ka?"

Ya tattaro ɗan Turancin da ya tsinta a kasuwa. "I want learning English."

Matan ajin suka sa dariya. Ita murmushi kawai ta yi. "Ce I want to learn. Shi want ba ya tafiya sai da kalmar to. Amma enjoy ba ruwansa da to, sai ka ce I enjoy learning."

"Me ya sa, Malama?"

"Haka masu yaren suka ga dama. Sai dai ka saba."

Alu ba shi da kowa a Legas sai ogansa. Ba ya jin Yarbanci, in kwandastan danfo, motar hayar garin, ya daka masa tsawa sai dai ya sunkuyar da kai. Yakan wuni ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci. Ita kuwa Fareeda a Agege aka haife ta, amma ƙawayenta duk sun yi aure sun watse, gidan ya rage daga ita sai mahaifinta.

Ta ce kowa ya riƙa turo mata jimla ɗaya a waya kullum. Jimlolin Alu ba sa fashi.

"I enjoy coming to your class."

"Daidai, Ɗalibina."

"I decided to wait for you."

"Wannan ma daidai. Amma jiran me?"

"Kin sani, Malamata."

Ta sani ɗin. Sai ta kama kanta tana duban ƙofa in la'asar ta yi.

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Alhaji Ɗayyabu, mahaifinta, dillalin shanu a Oko-Oba, ya ce sam.

"Baƙo ne, Fareeda. Ban san gidansu ba. Gobe ya ɗauke ki ya kai ki bakin iyakar Nijar, ni in zauna da wa? Ga Haidar ɗan aminina, shagonsa na nan Oshodi."

Ta faɗa wa Alu tana sharar hawaye. Washegari a kasuwa ana sauke kaya, sai ya tsaya cak da buhu a kafaɗa yana tunaninta, har oga ya yi masa magana. Ya so ta san haka, kuma da yaren da ta koya masa. Ya rubuta:

"Malamata, today I stopped thinking about you."

Fareeda ta karanta ta sake karantawa. Wato har ya daina tunaninta. Ta mayar masa: "Na gode. Allah ya ba ka wadda ta fi ni."

Ta rufe ajin. Haidar ya fara zuwa zance, tana fitowa ta zauna kamar an ajiye ta. Alu kuwa ya ɗauka ta zaɓi ɗan gari. Duk da haka yakan zo bayan la'asar ya tsaya gaban ɗakin, ya kalli kwaɗon ƙofa, ya juya. Damina ta sauka, ya rame, ya yanke shawarar komawa gida.

Ya je yi mata sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi kallonsa.

"Laifin me na yi, Malamata?"

"Ba kai ka ce ka daina tunanina ba?"

"Ni? Wallahi tsayawa na yi da buhu a kafaɗa ina tunaninki!"

Ta ɗago a hankali. "Alu... ai stopped to think za ka ce. Stopped thinking, ka daina ke nan."

Ya dafe kai. Ita kuwa dariya da kuka suka haɗe mata.

"Daga yau da Hausa za ka riƙa faɗa min irin wannan maganar."

"To. Ina son ki, Fareeda."

A ranar ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, ba zan saɓa maka ba. Amma ka bincika shi tukuna."

Alhaji ya daɗe yana kallon yadda ta rame. Ya sa abokan sana'arsa masu zuwa arewa suka tambayo asalin yaron, shi kuma ya taka har Mile 12 da ƙafarsa. Duk inda ya tsaya, alheri ya ji. Ya kira Haidar ya ba shi haƙuri, sannan ya aika wa Alu ya turo manyansa, da sharaɗin a Agege za su zauna.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kama hannun Alu ya riƙe.

"Ita kaɗai gare ni. Ka riƙa kawo min ita ran Juma'a."

"Mu biyu za ka riƙa gani, Baba."

Tsohon ya goge ido da bakin rawaninsa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Duk tsakar gidan aka amsa da amin.