Injin Yanka Dankalin Mama

"Ajiye shi, don Allah."

Na ɗago na dubi mijina, hannuna riƙe da injin yanka dankali sabo fil. Watanmu biyu da aure, kuma yau ce rana ta farko da muka fito tare neman kayan kicin.

"In ajiye? Malam, kusan awa guda na yi ina zaɓe."

Masoyi nake ce masa. Ranar da ya ji Malam a bakina, ya san akwai magana. Mahaifiyarsa kuwa Auta take kiransa, har yau da gemunsa.

Guda uku mai shagon ya jera mini. Na roba, wanda da gani dankali biyar zai aika shi lahira. Sai wani shimfiɗaɗɗe mai wuƙaƙe a fili, da hannu ake gurza dankali a kansa, kallonsa ma sai da tsigar jikina ta tashi. Na ukun shi ya shiga raina: ƙarfen da ba ya tsatsa, da mariƙin da ake dannawa, da ragar wuƙaƙe biyu, ta sirara da ta masu kauri. Kuma ragar tana fita a wanke ta tas. Ni da nake aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wannan shi ne magana.

"Zinariyata, muna da inji," in ji shi. "Mama ta ce a ba ki nata. Da shi ta yi sana'ar soya dankali a bakin makaranta har na gama karatu. Ta nace sai ke... Ranar Asabar ma za ta zo cin abincin rana."

Me zan ce? Na ajiye. Mai shago ya bi ni da kallon tausayi.

Da yamma ya shigo da shi a cikin tsohon buhu, yana tallabe kamar jariri. Warin ne ya fara gaishe ni, warin tsohon mai da ya yi shekaru yana tsami. Na leƙa, na ja da baya.

Ƙarfen ya yi ja da tsatsa. Tsakanin wuƙaƙen wani baƙin abu ne ya daskare, mai danƙo, da gashi-gashi a jikinsa. An ɗaure mariƙin da tsumma da waya. Na taɓa shi da bakin cokali, sai ga kyankyaso ya fito a natse, mai gida ya zo ganin baƙi.

"Wannan zan saka abinci a ciki?"

"Ɗan wanki kawai yake so."

"Wanki? Wannan ai jana'iza yake so."

Fuskarsa ta canja. "Abin da ya ciyar da ni kike ƙyama?"

"Ina ƙyamarsa, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Abin da nake gani a kwalaben asibiti ya fi wannan kyan gani."

"To ki faɗa wa Mama haka ranar Asabar."

Ya shige ɗaki. Kwana biyu ba Zinariya, ba azurfa, sai "ina makullin ƙofa" da "na fita". Abin ya dame ni ƙwarai. Ina son mijina, kuma Mama ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. In na mayar mata da kyautarta, da wane ido zan dube ta? In kuma na ci abin da ya ratsa ta cikin wannan ƙazanta, hanjina zai juye.

Asabar da safe, ya fita sayo dankali da mai, na yanke shawara. Na sa safar hannu biyu, na toshe hanci, na tafasa ruwa. Na jiƙa injin da sabulu, na bi shi da soson ƙarfe da tsohon buroshin haƙori. Ruwa huɗu na zubar, kowanne baƙi ƙirin. Sau biyu ina rugawa bayan gida ina yunƙurin amai.

A ruwa na biyar na ɗaga shi, sai na ji ƙarar ƙarafa a cikin baho.

Wuƙaƙen ne suka zube ɗaya bayan ɗaya. Mariƙin ya biyo su. Ashe ƙusoshin sun daɗe da rubewa, dauɗar nan ita ke riƙe da komai. Na wanke ta, na wanke injin gaba ɗaya.

Ina tsugune ina ƙoƙarin haɗa su, hawaye na zuba, na ji sallama. Mama ce, ta yi sammako.

"'Yata, lafiya? Me ya same ki?"

Na kasa ɗagowa. "Mama, ki yafe mini... Kyautar da kika ba ni ce. Wallahi wankewa kawai na yi."

Ta leƙa bahon. Ta daɗe tana kallo.

"Ni na ba ki wannan?"

"Ya ce kin nace sai ni."

"Ja'irin yaro!" Ta ja kujera ta zauna. "Shi ya je ya tono shi a ƙarƙashin tarkace, ya ce mini ke kika roƙa. Har na ce a raina, wannan yarinya mai tsafta me ta gani a jikin wannan annoba?"

Kunya ta sake ni, haushi ya kama ni. Kwana biyu yana mini fushi a kan ƙaryar da shi ya shirya. Ƙyamar injin ma sai ta zama ƙarama.

"Sau uku ina kai shi bola," in ji Mama, "sau uku yana ɗauko shi. Ba abin da na tsana a duniya kamar ƙarfen nan."

Ta miƙo hannun damanta. Na san yatsanta manuni guntu ne, ba gaɓar ƙarshe. Auta ya taɓa ce mini ƙofa ce ta datse ta.

"Ba ƙofa ba ce," ta ce a hankali. "Dankali ne ya maƙale a raga, na sa yatsa in turo shi. Auta yana ɗan shekara huɗu, yana tsaye a gefena. Kullum yana ganin ina danna mariƙin... sai ya ce bari ya taya Mama aiki."

Na toshe bakina.

"Ya yi ta kuka har ya yi barci, da ya tashi ya manta. Na ɗaure hannun, washegari na koma bakin kasko. Shi abin da yake tunawa ƙamshin dankali da ni ina masa waƙa. Ki bar masa wannan, kin ji? Yadda yake da taushin zuciya, in ya sani ba zai ƙara kallon hannuna ba."

"Ba zan faɗa ba, Mama."

"Tashi ki wanke fuska."

Muna haka ya shigo da leda a hannu. Ya ga bahon, ya tsaya cak.

"Me kika yi masa?"

"Ni na karya," in ji Mama kafin in buɗe baki. "Abina ne, na kuma gaji da shi. Sai ka zo ka faɗa mini, tsakanina da matarka wa ya roƙi wa?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"Na san in na ce ni nake so, ba wadda za ta yarda..." Muryarsa ta yi ƙasa. "So nake gidana ya yi ƙamshin gidanmu. Ki yi haƙuri, Zinariyata. Na yi miki ƙarya, na kuma yi miki fushin banza."

Na so in ja masa rai, wallahi na so. Amma na kalli hannuwansa manya-manya riƙe da ledar dankali, na hango su suna ƙanana, sai zuciyata ta karye.

"Ka kwashe gawar ka kai bola, Masoyi. Ka wanke hannu sau uku kafin ka taɓa ni."

Mu uku muka koma shagon. Mai shago ya washe baki, ya ɗauko wanda na zaɓa ranar nan. Mama ta juya shi, ta cire ragar, ta mayar, ta gwada mariƙin, sannan ta dubi mai shagon.

"Ɗana, ba ka da mai makulli? Wanda in an ɗaga mariƙin zai tsaya, ƙaramin yaro ba zai iya dannawa ba?"

Ya shiga ciki ya fito da wani, mai ɗan sakata a gefe. Mama ta ja sakatar, ta danna da dukkan ƙarfinta. Mariƙin bai motsa ba.

"Wannan za mu ɗauka."

Auta ya yi dariya. "Kai, Mama da tsoro! Wane yaro ne zai je yana taɓa injin dankali?"

Mama ta matso kusa da ni. Ta kamo hannuna ta ƙarƙashin mayafinta, na riƙe guntun yatsan nan gam har muka fita.